Zawarcin Baƙon Ɗan Kasuwa: Kano Daga Kurmi Zuwa Dangwauro

Wannan makon kasuwa za mu shiga, kuma ta Titin Gidan Zoo za mu fara.

A watan Maris na 2014 aka buɗe rukunin kantunan nan na Ado Bayero Mall a Kano. Duk wanda yake gari a lokacin zai tuna yadda aka yi ta tururuwa. Wasu sayayya ta kai su, wasu kuwa kallo da ɗaukar hoto, har ta kai idan ka yi baƙo daga ƙauye, kai shi Shoprite yana cikin karramawa. Shekara biyu ke nan kacal bayan harin 20 ga Janairu 2012, wanda ya ci rayuka sama da 180, ya kuma sa baƙin 'yan kasuwa da yawa suka ɗauke ƙafa daga garin. Shi ya sa hukuma da jama'a suka ɗauki zuwan wannan kamfani na Afirka ta Kudu a matsayin shaidar cewa Kano ta farfaɗo. Ba a cika shekara goma ba, ranar 14 ga Janairu 2024, Shoprite ya rufe ƙofarsa. Maƙwabcinsa Game ma ya riga shi tattara komatsansa.

An yi ta cacar baki a lokacin, wasu na jaje, wasu na cewa Allah raka taki gona. Mu dai abin da ya tsaya mana shi ne tambayar da ke ƙarƙashin maganar: me ke jawo ɗan kasuwa ya kawo dukiyarsa gari, me ke zaunar da shi, me kuma ke korarsa? Kano ta fi shekara 600 tana fama da wannan tambaya. Ta sha dacewa da amsar, ta kuma sha yin kuskure. Bari mu waiwaya.

Masauki tukuna, sannan rumfa

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya kawo cewa a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Wangarawa suka iso daga Mali, malamai ne kuma fatake. A zamanin Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro da ke arewacin Gana ta yau. Zamanin Yakubu (1452–1463) gishirin Azbin ya yawaita a ƙasar Hausa, Barebari suka shigo da yawa, Larabawa ma suka zo suka zauna. Sai Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarautar da ake ciki har gobe, ya kafa Kasuwar Kurmi. Mu lura da jerin nan. Hanya da baƙi sun riga kasuwa zuwa. Rumfa ya tarar da ciniki yana gudana ne, ya ba shi mazauni a tsakiyar gari, a gefen Jakara.

Wanda ya zaga cikin birni zai karanta wannan tarihi a sunayen unguwanni. Dandalin Turawa mazaunin Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, domin a da su ake kira Turawa. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake sunan ya samo asali. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Agadasawa, ga Ayagi ta Yarabawa. A wajen ganuwa kuma ga Fagge, inda a da ayarin raƙuman Azbinawa ke sauka. Kowane baƙo an ba shi gefen da zai zauna da mutanensa, ya yi masallacinsa, ya aurar da 'ya'yansa.

Wanda ya riƙe wannan tsari a aikace shi ne fatoma. Idan falke ya iso da kayansa, gidan fatoma zai sauka. Fatoma ne zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wanda za a iya ba bashi da wanda ba a ba. Idan mai saye ya gudu da kuɗi, fatoman ne a ciki. Ladansa la'ada ce, jarinsa kuwa sunansa. Ranar da aka ji ya ci amanar baƙo, ayari na gaba gidan wani zai sauka. Aikin da yau ake kafa hukuma da ofis da babban darakta don a yi shi, a da zauren fatoma ne ke yin sa.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. Tarihin ya ce Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731), wanda a zamaninsa wuri ya shigo ƙasar Hausa, ya ƙirƙiro hanyoyin tara kuɗi har bakwai, ciki har da harajin Kasuwar Kurmi da na auren budurwa. Ɗansa Kumbari (1731–1743) ya ƙara matsawa, domin yaƙi ya yi masa yawa, ga dawakai da makamai na cin kuɗi. Ya tatsi Kurmi har ta kusa mutuwa, ya sa wa malamai ma haraji. Larabawa suka naɗe tabarmarsu suka koma Katsina, talakawa da yawa suka gudu ƙauye. Abin da aka yi ƙarni uku ana ginawa ya kusa rushewa a zamanin sarki biyu, Katsina kuma ta amshe ragamar ciniki. Ɗan kasuwa ba ya gardama da mai mulki. Kayansa kawai yake ɗaurewa.

Sunan dillali a cikin ƙunshi

Bayan jihadi sai al'amarin ya juye. Katsina ta zama bakin daga tsakanin Daular Sakkwato da sarakunan da suka koma Maraɗi, hanyoyinta suka daina aminci. Kano kuwa, bayan Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846) ya kwantar da tawayen farkon mulkinsa, ta samu zaman lafiya. Fatake suka dawo. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda dukkansu asalinsu baƙi ne, suka kafu a birni da garuruwa irin su Bebeji, suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja. A wannan ƙarni aka yi attajirai irin su Kundila.

Baturen Birtaniya Clapperton ya iso Kano a Janairu 1824. Ya tarar da kasuwa mai tsari, kowace haja da layinta, Sarkin Kasuwa na ba da hayar rumfuna wata-wata. Har laimar Ingila ya samu ya saya. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu cikin bayaninsa shi ne wannan: duk ƙunshin riga ko turkuɗi da aka sayar, akwai sunan dillali a rubuce a ciki. Idan mai saye ya kai shi har Barno bai kwance ba, ya buɗe ya ga an yi masa algus, sai ya mayar da shi Kano. Dillali zai nemo mai kaya, dokar gari kuma ta tilasta masa ya mayar da kuɗi. Tafiyar makonni a kan raƙumi ko jaki, amma mutum ya san haƙƙinsa ba zai salwanta ba.

Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, ya ce lokacin rani da fatake ke shigowa sukan kai ninki biyu. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 aƙalla, suna zuwa Tumbuktu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Nan ne gishirin maganar. Kano tana da abin da take yi da hannunta: manomi ya shuka auduga da baba, mata su yi kaɗi, masaƙi ya saƙa, marini a Ƙofar Mata ko Kura ya rina, mabugi ya buga, ga majema da dukawa. Kowane ɗayansu yana samun 'yan kuɗi, kuma shi ne mai sayen gishiri da goro da allura da baƙo ya kawo. Baƙo yana zuwa ne don akwai abin da zai saya ya tafi da shi, akwai kuma mai sayen nasa. Kada mu ɓoye cewa wannan arziki yana da baƙin gefe. Kurmi tana da sashen da ake sayar da bayi, kuma gumin bayin rinji yana cikin audugar da hatsin.

Jirgin ƙasa ya mayar da gaba baya

Sojojin Lugga sun ci Kano a Fabrairu 1903. Dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. A 1911 ɗin ne kuma Italiya ta mamaye Tarabulus, fataucin Sahara da dama yake tangal-tangal ya ƙarasa durƙushewa. Garin da ya shekara ɗaruruwa yana fuskantar arewa sai ya juya yana kallon Legas.

Turawan mulki auduga suka sa rai za su kwasa don masaƙun Ingila. Lissafinsu bai fita ba, domin masaƙan Kano suna sayen auduga da tsadar da ta fi tayin Bature. Gyaɗa ce ta yi tashe, saboda masana'antun Turai suna neman manta. Abin da Nijeriya ta fitar ya tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Kamfanoni irin su Niger Company da John Holt da CFAO na Faransa suka samu filaye kusa da tashar jirgi, suka gina kantuna da sito. Amma Bature yana da kuɗi, bai san manomi ba. Wanda ya san hanyar ƙauye, ya san wanda za a ba kuɗi tun damina ya kawo gyaɗa da kaka, shi ne tsohon falken goro da yaransa. Ta haka Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada suka shiga harkar. Alhassan Ɗantata (1877–1955), Ba'agale daga Bebeji, ya fara saya wa Niger Company a 1918, ya zama gagarabadau, dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano. Ana ba da labarin cewa da aka buɗe reshen banki a 1929, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya.

Wannan zamani ya sauya taswirar garin. An keɓe Sabon Gari a 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, kasuwarta ta tashi. Kwarori, wato mutanen Labanan da Siriya, an ba su fili a Fagge ta Kudu, suka gina gidaje, kanti a ƙasa, iyali a sama ko a baya. Wurin ne ya zama Kantin Kwari. Ita kanta kalmar kanti a wannan zamani ta shigo bakinmu daga Ingilishi. Sannu a hankali babban ciniki ya fice daga cikin ganuwa ya koma waje, inda dogo da banki da gidan waya suke. Kurmi ba ta mutu ba, amma ta tashi daga uwar kasuwanni ta koma ta kayan gargajiya. Ba wanda ya ba da umarnin a ƙaurace mata. Hanya ce ta sauya, ciniki ya bi hanya.

Bompai, Sharaɗa da Challawa

Daga shekarun 1950 salon zawarcin ya canza. Hukuma ta fara yanka filayen masana'antu, ta kai titi da ruwa da wuta, a kuma ɗaga wa sabon kamfani ƙafa a haraji na wasu shekaru. Bompai ce ta farko. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, zamanin Audu Baƙo da bayansa, Sharaɗa da Challawa suka biyo. Kano ta zama ta biyu bayan Legas a yawan masana'antu. Ana matsar man gyaɗa, ana jima, ana yin alewa da turare da takalman roba da kwanukan samira, ana haɗa keken Raleigh da manyan motocin Fiat. Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, Nababa Badamasi ya kafa Gaskiya. Dokokin mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka sa Kwarori da yawa barin sayar da yadi suka koma masana'anta, Kanawa suka gaji Kantin Kwari, suka mayar da ita babbar kasuwar tufafi ta yammacin Afirka.

Matasa da yawa sun ɗauka Shoprite ne kantin zamani na farko da Kano ta gani. Ba haka ba ne. Iyayenmu sun shiga Kingsway da Leventis, sun ɗauki kaya a kan kanta sun biya a bakin ƙofa. Waɗannan kantuna sun rayu ne a kan albashi. Ƙarshen wata ma'aikacin Bompai zai karɓi nasa, ya biya mai shago, ya yi wa iyali ɗinki, mai shayi da mai faci da mai tuwo a ƙofar kamfani su samu rabonsu, manaja da akawu su wuce Kingsway.

Sai abubuwa suka fara kwancewa. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka share dala. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. A 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyara da sinadaran da masana'antu ke shigowa da su suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, kowane kamfani ya koma janareta da baƙin mai. Kingsway ya rufe. Da aka cire ƙaidin cinikin tufafi na duniya a farkon 2005, atamfar Caina ta kwararo, mafi yawa ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano ta bi ta Nijar. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, wasu gine-ginen suka koma sito na ajiye kayan da suka kashe su. Kantin Kwari ta ci gaba da cika maƙil, amma garin da ya tufatar da Tumbuktu ya koma dillalin yadin wasu. A 2012 har jami'an shige da fice suka kama 'yan Caina 45 a Kwari, bayan ƙorafin cewa baƙi sun sauko suna sayar da ɗai-ɗai.

Mu koma Titin Gidan Zoo

Cikin wannan hali Shoprite ya zo. Ya zo garin da ke da miliyoyin mutane, amma masu albashi mai kauri kaɗan ne. A takarda lissafin yana da kyau: ga jama'a, ga suna, ga matafiya daga jihohi da Nijar. A ƙasa kuwa, Bakano mai iyali ya san Singa idan katan yake so, ya san Dawanau idan buhu ne, ya san 'Yankaba idan kayan miya ne. Wanda ba shi da ƙarfi kuma mai shagon unguwa yake zuwa, ya auni rabin kwano, a rubuta masa zuwa ƙarshen wata. Kantin zamani ba ya taya, ba ya ragi, ba ya ba da bashi, bai san ka ba balle ya zo maka ta'aziyya. A gefe guda kuma yana biyan haya mai tsada, yana ƙona dizal dare da rana don sanyaya kaya. Uwar kamfanin ta Afirka ta Kudu ta sayar da rassanta na Nijeriya a 2021. A tsakiyar 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira, aljihun mai saye ya ƙara ƙanƙancewa. Sabbin masu kamfanin suka ce halin da kasuwanci ke ciki ba zai bar su su ci gaba a Kano ba.

Wannan ba ya nufin Kanawa ba sa son sayayya a wuri mai tsabta da sanyi. Kantunan 'yan gida irin su Sahad da Jifatu sun nuna akwai masu so. Bambancin shi ne waɗannan daga kasuwar suka taso, sun san abin da ake nema da azumi da kakar biki, sun san shadda da leshi da kayan ɗaki suna ɗaukar nauyin abin da burodi da lemo ba za su ɗauka ba.

Gwamnatocin jihar, kowace da nata yunƙurin. An kafa hukumar KanInvest don tarbar masu zuba jari. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA tana shirya baje koli duk shekara. An samu yankin ciniki marar haraji a Fanisau. Babban mafarkin shi ne sabuwar kasuwa a Dangwauro, kan hanyar Zariya. Tun zamanin Shekarau ake maganarta da sunan Kasuwar Kanawa, zamanin Ganduje aka haɗa hannu da kamfanin Brains and Hammers aka ci gaba da ita da sunan Kano Economic City. Hujjar a fili take. Tsofaffin kasuwanni sun cushe, motar kashe gobara ba ta samun hanyar shiga, kuma gobarar Maris 2016 ta lashe dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. To amma gina shago daban, cika shi da mutane daban. Masu sayar da magunguna na Sabon Gari sun daɗe suna turjiya, suna kukan tsadar shaguna da nisa daga abokan ciniki. Sai a Fabrairu 2024, bayan hukuncin kotu, da hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da 1,300, sannan ƙaura ta kankama. Akwai dalili mai ƙarfi na fitar da magani daga rana da ƙura zuwa inda za a iya sa masa ido. Duk da haka, mu tuna cewa da ƙwado da ɗan sanda aka cika wannan sashe.

Sai kuma abin da ya faru a Yuni 2023. Kwanaki kaɗan da rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka fara rusa gine-ginen da gwamnatin baya ta ba da filayensu, ciki har da na tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi. Sabuwar gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan suka ce da takardun hukuma a hannunsu suka saya. A Satumba 2023 Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ba mu zo raba gardamar siyasa ba. Mai yiwuwa a ce kuskure ne tun farko a yanka filin idi a yi shaguna, kuma a ce kuskure ne a rusa ba tare da bin kotu ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne mutumin da ke Legas ko Dubai yana shawarar kawo kuɗinsa. Abin da ya gani shi ne takardar da gwamna ɗaya ya sa wa hannu tana iya zama banza ranar da wani ya hau.

Mu kwatanta da Dawanau. An kafa ta a 1985 a kan hanyar Katsina, ba gilashi ba na'urar sanyaya ɗaki, titunanta ma da damina sai addu'a. Yau tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka. Ana zuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru, kamfanonin waje suna ajiye wakilai don riɗi da zoɓo da citta. Ba wanda ya yi taron jawo su. Sun zo ne don akwai kaya, akwai mota, akwai dillalin da zai tsaya maka, akwai shugabannin kasuwa da za su raba rigima kafin la'asar. Gidan fatoma ne ya dawo da siminti da wayar hannu.

Abin da muka tsinta

Idan muka jera waɗannan zamunna, za mu ga kasuwar Kano ta cika ne duk lokacin da hanya ta buɗe, garin yana da abin da yake yi da hannunsa, baƙo kuma ya amince cewa alƙawarin da aka yi masa zai kwana ya tashi. Ta rame lokacin Kumbari da aka tatse ta, ta rame lokacin da Bompai ta yi shiru. Gini shi ne abu mafi sauƙi a cikin lissafin, shi ne kuma ake iya yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto kafin zaɓe, shi ya sa kowace gwamnati ta fi son farawa da shi.

Akwai alamun an fara tuna sauran. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka ba da izininta tun 2006, an buɗe ta a Janairu 2023. A 2020 aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun gas daga Ajakuta zuwa Kano, a 2021 kuma aka aza harsashin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai sake juya fuskar garin zuwa arewa bayan shekara ɗari da 'yan kai. Idan gas ya iso Challawa, injina suka tashi, yaran da ke zaune a bakin titi suka samu abin karɓa ƙarshen wata, masu kantuna za su zo da ƙafarsu ba sai an aika musu goron gayyata ba. Idan kuwa bai iso ba, za mu ci gaba da gina shaguna muna sayar wa juna kayan Caina, kowane shago yana rage wa na kusa da shi ciniki.

Saura amana, ita kuwa ba kwangila ake bayarwa a yi ta ba. Tana hannun gwamnan da zai mutunta takardar wanda ya gada, da mai karɓar harajin da ba zai zo wa shago ɗaya sau biyar da rasit biyar ba, da alƙalin da ba zai shekara bakwai a kan rigimar fili ba. Tana kuma hannunmu, mu da muke auna hatsi, muke cika buhu, muke karɓar kayan mutane bashi. Kakanninmu sun rubuta sunansu a cikin ƙunshi sun aika Barno. Kowannenmu ya tambayi kansa ko zai yarda a rubuta nasa a cikin abin da ya sayar jiya.

Sai mun haɗu mako mai zuwa.